Amsa Ga Mai Sauraro Daga Fakku: Jinin Da Ake Ƙara Wa Majinyaci, Daga Ina Yake, Wa Ya Duba Shi?

  Yau takarda ɗaya tak za mu ɗauka, don kuwa tambayoyin da ke cikinta sun ishe mu hira har lokacinmu ya cika. Ta fito ne daga wani manomi, mai ɗan taɓa fataucin hatsi da rani, a garin Fakku cikin ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amsa masa. Ga abin da ya ce, yadda ya rubuto:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Shekara biyu da sunka wuce maiɗakina ta haihu gida, jini ya ɓalle mata. Munka ɗauke ta cikin dare munka kai ta asibiti, anka ce sai an ƙara mata jini. Anka auna nawa, anka ce bai yi daidai da nata ba. Ƙannena biyu na wurin. Guda ya ƙiya, ya ce in an ɗebi jininai ba ya iya noma bana. Gudan ya yarda, anka auna, anka ce ba a ɗaukar nashi, ba a kuwa gaya muna dalili ba. Nan wani mutum ya ishe ni bakin ƙofar asibiti ya ce shi yana badawa in na biya. Na biya, anka ɗiba, anka sa mata, Allah ya tashi kafaɗunta. To yanzu ga ta da ciki wata shida, haihuwa za ta faɗo tsakiyar damina, ni kuwa tun ran nan hankalina bai kwanta ba. Shin jinin da na saya lafiyayye na? Mi ya sa anka ƙi na ƙanena? Gaskiya na bada jini na rage ƙarfin namiji? Kuma mutumin nan ya zama ɗan'uwanta ke nan?"

To malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya sauke ta lafiya. Ka yi tambaya a kan lokaci, tun da sauran wata uku a hannunka, kuma a cikin wata uku ana iya gyara abubuwa da dama.

Bari mu fara da jininka da aka ce bai dace da nata ba, don daga nan ne maganar take farawa. Jini a ido duk ja ne, amma rukuni-rukuni ne. Wani likita mutumin Ostiriya mai suna Karl Landsteiner shi ya gano haka a 1901, lokacin da ya lura cewa in aka haɗa jinin wasu mutane biyu sai ya dunƙule kamar nonon da ya tsinke, in aka haɗa na wasu kuma ya zauna lafiya. Kafin wannan lokaci ƙarin jini caca ne. Tun 1818 wani likitan mata a Ingila, James Blundell, ya fara gwada ɗibar jinin mutum ya sa wa wani, wasu su tashi, wasu su mutu, ba wanda ya san dalili. Yanzu an san manyan rukunoni huɗu ne, watau A da B da AB da kuma O, kowanne kuma yana ɗauke da alamar tarawa ko ta ɗebewa, abin da ma'aikata ke ce wa fozitif da negatif. A ƙasar nan kusan rabin jama'a 'yan rukunin O ne. Masu negatif kuwa kaɗan ne ƙwarai, ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba, saboda haka in matarka tana cikinsu, neman jininta cikin dare aiki ne ja, sai an yi tanadi tun da rana.

In aka sa wa mutum jinin da ba nasa rukuni ba, jikinsa yakan tasam ma baƙon jinin ya farfasa shi, ƙoda ta tsaya, mutum ya tafi cikin sa'o'i kaɗan. Shi ya sa sanin rukuni kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a ɗauki ɗan jinin majinyaci a haɗa shi da ɗan na ledar da za a sa masa, a duba a ɗakin gwaji ko sun karɓi juna. Wannan aiki yakan ci kusan awa guda in an yi shi yadda ya kamata. Mun sani a irin wannan dare awa guda kamar shekara ce, amma kada ka tsaya kan ma'aikaci kana cewa ya yi sauri ya bar wannan gwaji. In abin ya kai intaha, likita ya san jinin da ake fara sawa kafin gwajin ya kammala, wannan hukuncinsa ne.

Kuma ga wani abu da mazaje da yawa ba su sani ba. Ko da jininka ya dace da na matarka, in akwai wani mai bayarwa, likitoci sun fi son a bar naka muddin tana cikin shekarun haihuwa. Dalili kuwa, jikinta yana iya yin gaba da wani abu da ke cikin jininka, sannan ɗan da za ta ɗauka nan gaba ya gaji wannan abu daga gare ka, sai jikin uwa ya riƙa faɗa da jinin ɗanta tun yana ciki. Don haka kada ka riƙe abin a ranka. Kai ka ba wata, wani ya ba taka.

Sai maganar ƙanenka da aka ƙi. Daga nan ɗakin watsa labarai ba mai iya faɗa maka dalilin, kuma ma'aikatan sun yi daidai da ba su faɗa a gaban jama'a ba, don sirrinsa ne. Dalilan da ke sa a mayar da mutum suna da yawa. Wani jininsa ne bai cika ba, shi kansa yana bukata. Wani nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko shekarunsa ba su kai 18 ba, ko yana fama da zazzaɓi a ranar, ko hawan jini ya yi masa yawa. Wani kuma gwaji ne ya nuna wata cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk jinin da za a sa wa mutum sai an gwada shi don cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Da zarar an ƙi mutum sai hankalin 'yan'uwa ya tafi kan ƙanjamau, a shiga zunɗe, alhali kuwa a ƙasarmu ciwon hanta nau'in B ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da shi, galibinsu ba su sani ba, suna noma suna fatauci garau. Da yawa tun suna jarirai suka same shi, wasu daga uwa, wasu ta askar wanzami ɗaya da ta zaga kan yara goma, ko wurin kaciya, ko tsaga, ko ƙaho. Ba alamar lalata ba ce.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka ja ƙanenka gefe, ku biyu, ka ce masa ya koma asibiti shi kaɗai ya nemi a sake gwada shi a gaya masa. In ciwon hantar ne, akwai maganin da ke danne shi kafin ya cinye hanta, akwai kuma allurar rigakafi da za a yi wa iyalinsa, wadda aka sa cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C ma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi na kamar wata uku. Shekara biyu ke nan ana zaune cikin duhu, ya isa haka.

Yanzu ga babbar tambayarka, jinin da ka saya. Za mu gaya maka gaskiya ba rufa-rufa. In a asibitin hukuma aka ɗiba, ko wani asibiti mai rajista, to ƙa'ida ita ce an gwada shi kafin a sa mata, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa ƙari irin wannan ba abin da ke samunsu. To amma fa gwaji yana da makafin kwanaki. In cuta ta shiga jikin mutum yau, ba gobe take bayyana a gwaji ba. Takan ɗauki makonni, a irin ɗan gwajin gaggawa na tsinke da ake yi a ƙananan asibitoci wani lokaci har wata uku, tana cikin jini amma tsinke yana cewa babu. Kamar irin da ka shuka ne bai tsiro ba: wanda ya zo ya dubi gona zai rantse ba komai, alhali yana ƙasa. A cikin waɗannan kwanaki ba abin da ke kare majinyaci sai gaskiyar mai bayarwa. Shi ya sa kafin a ɗibi jini ake zaunar da mutum a yi masa tambayoyi, wasu ma masu nauyi: ko ya yi rashin lafiya kwanan nan, ko an taɓa ƙara masa jini, ko ya yi shawara, ko yana hulɗa da matan banza, ko yana allurar maye. Wanda ya zo don Allah, in yana da abin ɓoyewa sai ya janye. Wanda ya zo don kuɗin cefane kuwa, duk abin da aka tambaye shi a'a zai ce. Daɗin daɗawa, mai sayar da jini ba ya jiran wata uku. Ya bayar nan yau, mako biyu ya bayar a wani asibiti da wani suna, har jininsa ya tsinke, ka biya kuɗin leda cikakkiya a ba ka wadda rabinta ruwa ne.

Wannan ba tatsuniya ba ce, an ga ƙarshenta a wata ƙasa, kuma manoma irinku abin ya faɗa wa. A lardin Henan na ƙasar Sin, a farkon shekarun 1990, talakawan ƙauye sun mayar da sayar da jini sana'a. Masu saye sukan haɗa jinin mutane da yawa wuri ɗaya, su tace ruwan da suke so, su mayar wa kowa da sauran a jikinsa don ya samu ya dawo da wuri. Mutum ɗaya mai ƙanjamau a cikin layi ya ishi kowa. Dubban manoma suka kamu, ƙauyuka suka cika da marayu, sai wata tsohuwar likita, Gao Yaojie, ta dage tana tona maganar duk da matsin da ta sha. Ko ƙasashen da ake ganin sun ci gaba ba su tsira ba. A Birtaniya, rahoton binciken da aka fitar a watan Mayu na 2024 ya ce mutum fiye da 30,000 aka sa wa ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka yi da jini, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, kimanin 3,000 sun mutu, kuma wani sashe na kayan daga Amurka aka sayo, inda ake biyan fursunoni da 'yan ƙwaya su bayar. Mu ma nan gida, a 2006 jaridu sun cika da labarin wata jaririya a Legas da aka samu da ƙanjamau bayan ƙarin jini, alhali iyayenta ba su da shi.

Saboda haka, malam, maganin rashin kwanciyar hankalinka ɗaya ne, kuma ba shi da tsada. In ta je awon ciki na gaba, ta gaya wa ma'aikaciya cewa an taɓa ƙara mata jini shekara biyu da suka wuce, a yi mata gwajin cututtukan nan huɗu. Shekara biyu ta wuce makafin kwanaki nesa, duk abin da gwaji ya nuna yanzu shi ne gaskiya. In babu, ka yi barci. In kuwa akwai, to gara yanzu da ranar suna, don akwai magungunan da ake ba mai ciki su hana cutar isa ga jariri. Kai ma ka miƙa hannu a gwada ka tare da ita, kada ka bar ta ita kaɗai a kan benci.

Kuma ku sani dokar ƙasa ba ta yarda da cinikin jini ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana sayar da shi, a 2021 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa, wadda aikinta shi ne tattara jinin masu bayarwa kyauta, da gwada shi, da sa ido kan ma'ajiyoyin jini. Cibiyarta ta shiyyar Arewa maso Yamma tana Kaduna. Amma kada a rikita abu biyu. Kuɗin da asibiti ke karɓa na leda da kayan gwaji da ajiya daban ne, wannan ka biya a inda ake biya, ka karɓi rasit. Wanda ya ja ka bayan katanga ya ce ka ba shi a hannu, wannan shi ne ɗan kamasho. Ba mu ga laifinka ba a wancan dare, rai ne a gabanka. Laifin na tsarin da ya bar firji ba kowa a ciki ne, da kuma mu jama'a da ba ma bayarwa sai namu ya kwanta.

Shin bada jini yana rage ƙarfi? Babban mutum yana da jini kamar lita biyar a jikinsa, watau misalin fiya wata goma. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai cika leda ɗaya ta fiya wata ba. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu in mutum ya sha ruwa sosai, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Da ma ƙwayar jini ba ta wuce kwana 120 a duniya, kullum wasu na mutuwa ɓargo yana ƙera sababbi, ko ka bayar ko ba ka bayar ba. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu in ba ta da ciki ba ta kuma shayarwa. Ba ruwan wannan da ƙarfin namiji a ɗaki, ba ruwansa da haihuwa. Abin da ake so kawai, ka ci abinci kafin ka je, bayan an ɗiba ka zauna ka huta, ranar kada ka shiga huɗa cikin rana ko ka ɗauki buhu. Washegari ka koma gonarka. Ƙanenka da ya ƙi, noman bana bai taɓa zama cikin haɗari ba. Allurar da ledar kuma sababbi ne a haɗe, a gabanka ake farke su, sau ɗaya ake aiki da su, don haka mai bayarwa ba ya ɗaukar cuta. In ka ga ba a gabanka aka buɗe ba, ka tambaya.

Af, tunda mun zo nan, masu cewa lemon malt da madarar gwangwani suna mayar da jini, ku sha abinku in kuna da hali, amma ba su ne ke gina shi ba. Hanta da nama da kifi da wake da ganye irin su zogale da alayyafo sun fi su aiki, ga kuma araha.

Tambayarka ta ƙarshe ta malamai ce, kuma sun amsa ta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1989 ta yanke cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa, ba ya ƙulla 'yan'uwantaka, ba ya haramta aure. Ta kuma ce sayar da jini bai halatta ba, sai dai wanda larura ta tilasta wa saye bai samu mai ba shi kyauta ba, to shi ba shi da laifi, laifin yana kan mai karɓar kuɗin. Ka ga ke nan ta nan ma ka fita. Haka kuma jini ba ya ɗauke da halin mai shi ko addininsa. Jinin ɓarawo ba ya sa sata.

Yanzu mu leƙa ɗakin da ba a barinku ku shiga, watau ma'ajiyar jini, wadda ake ce wa bankin jini. Wani likita a birnin Shikago na Amurka, Bernard Fantus, shi ya raɗa wannan suna a 1937, don a ganinsa sai an ajiye ake cira. Ana ajiye jini ne a firji na musamman, sanyinsa tsakanin digiri 2 zuwa 6, ba ya hawa ba ya sauka, kuma ana rubuta awon sanyin safe da yamma. A haka yakan kai kwana 35. In ya daskare ya lalace, in ya ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki ya zama guba. Ku da kuka san zafin bazara a ƙasar Sakkwato, da yadda wutar lantarki take, kun san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa ƙananan asibitoci da dama ba sa ajiya, sai dai a ɗiba a sa nan take, shi ya sa kuma ake aika ku neman 'yan'uwa da tsakar dare. Babbar ajiya sai manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru a cikin Sakkwato, kuma kowa ya san tsakanin Fakku da Sakkwato ba nan kusa ba ne, balle da damina, ga halin da hanyoyi suke ciki na tsaro da dare. A ra'ayinmu, in ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a a Kebbe ko Tambuwal, cikin abubuwan da ya kamata a ɗora masa har da firjin jini mai aiki da hasken rana a babban asibiti, da ma'aikacin gwaji da zai kwana a wurin, da kayan gwajin da kwanansu bai ƙare ba. A Ruwanda tun 2016 ake kai jini ƙauyuka da ƙananan jirage marasa matuƙi, Jihar Kaduna ma ta fara kai kayan asibiti da irinsu a 2022. Mu dai a fara ba mu firjin tukuna.

Akwai abin da kai mai jinya za ka iya dubawa da idonka, ko ba ka yi boko mai zurfi ba. Kowace leda tana da takarda manne: rukunin jinin, ranar da aka ɗiba, ranar da zai lalace, da shaidar an gwada. Kafin a rataya, ma'aikaci ya kamata ya tambayi majinyaciya sunanta ya gwama da abin da ke rubuce. Kada ka raina wannan. Mafi yawan haɗarin sa jinin da bai dace ba daga rikicin suna yake zuwa, a ɗaki ɗaya ana iya samun mata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. In an ba ka leda ka ɗauko daga wani wuri, sai cikin akwatin sanyi, ban da aljihun babbar riga ko buhun babur. Kada a tsoma ta a ruwan zafi ko a shanya ta a rana wai ta huce. In ta fito daga firji a fara sawa cikin rabin awa, a gama cikin awa huɗu. Minti 15 na farko su ne abin tsaro: ka zauna kusa, in ka ga rawar ɗari, ko zazzaɓi, ko ciwon baya, ko numfashi yana sarƙewa, ko ƙaiƙayi da kumburi, ko fitsari ya koma kamar ruwan zoɓo, ka kira ma'aikaci nan take a tsayar. Kada ka ce bari a ƙarasa tunda an biya. In kuma zazzaɓi ya taso bayan an koma gida, a je a gwada na cizon sauro, don shi ma yana bin jini.

To me za ka yi da wata ukun nan? Ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya ƙiyasta mata kimanin 75,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na kan gaba cikin dalilai. Jinin haihuwa in ya ɓalle yana iya kashe mace cikin awa biyu. Wadda ta taɓa zubarwa kuma ta fi wata haɗarin sakewa. Don haka wannan haihuwa ba ta gida ba ce, ko ungozoma ta ƙware, ko uwar miji ta ce su a ɗaka suka haifi goma. A asibiti akwai allurar da ake yi da zarar ɗa ya faɗo don mahaifa ta tsuke. Wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa, an yi shi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa in aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa aka ga yawan jinin da wuri, aka haɗa magunguna lokaci guda, mummunar zubar jini takan ragu da kashi 60 cikin 100. Jinin da bai zuba ba, ba sai an nemi madadinsa ba.

In wata ya kama na tara, in da hali, ka kai ta ta zauna wurin 'yan'uwa kusa da asibitin da ke ƙarin jini, kada naƙuda ta same ku bayan rafi ya cika. Tun yanzu a auna yawan jininta, ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo kullum, ko da sun sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Ta sha na rigakafin zazzaɓi, ta kwana cikin gidan sauro. A rubuta rukunin jininta a katinta, kai ma ka haddace. In negatif ce, ka tambayi allurar da ake yi wa irinsu cikin awa 72 bayan haihuwa. Sannan ka nemi mutum uku ko huɗu cikin abokanka da maƙwabta, ku je da rana tsaka a gwada su a san masu dacewa da ita, ka ajiye lambobin wayarsu, ka kuma yi magana da mai mota tun yanzu, da kuɗin mai a gefe.

Wannan shawara ba ta mai takarda kaɗai ba ce. Damina ita ce lokacin da yara ke kwanciya da zazzaɓi, ka ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ga masu amosanin jini, watau sikila, da ke bukatar ƙari a kai a kai, ga haɗarin mota a hanyar Sakkwato zuwa Jega ranar kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mutum ɗaya cikin 100 yana bayarwa, ƙasa za ta samu mafi ƙarancin abin da take bukata, mu kuwa har yanzu ba mu kai nan ba. A gari kamar Fakku, in ƙungiyar manoma ko ta 'yan kasuwa ko 'yan agaji suka buɗe littafi guda, aka rubuta majiya ƙarfi talatin da rukunin jinin kowa da lambarsa, aka damƙa wa mai unguwa ko limami da ma'aikacin asibiti, to ɗan kamashon bakin ƙofa ya rasa kasuwa. Yadda ake gayya a gona haka ake yin wannan. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu bada jini ta duniya, ranar haihuwar Landsteiner ɗin nan da muka ambata, kuma tana faɗowa daidai farkon damina, lokacin da bukata ke shirin tashi. Da azumi kuwa masu bayarwa sukan ragu, sai a riƙa zuwa bayan an sha ruwa.

Malam, muna jiran takardarka bayan suna, ka gaya mana yadda aka sauka, da kuma abin da ƙanenka ya jiyo. Mai sauraronmu daga Tambuwal da ya yi tambaya kan gwajin jini kafin aure, da bambancin rukunin jini da AA da AS da SS, ka yi haƙuri lokaci ya ƙure mana, da taka za mu buɗe fili mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.